Sandar Feshi da Baturan Masallaci

Ran nan ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidana, wasu samari biyu suka wuce da injin feshi mai shan fetur, ɗaya ya goya, ɗaya yana biye da galan. Na tambaye su wa ya koya musu. Suka ce ai wannan ba ya buƙatar koyo, Baba Ado, ka zuba magani, ka ja igiya, ka bi layi. Na ce Allah ya ba da sa'a. Da suka ɓace na yi ta dariya ni kaɗai, don ni ma na taɓa ɗauka haka abin yake, kuma gonar da na koyi darasina a kanta ba tawa ba ce, ta surukina ce.

Aikina na farko a wannan sana'a ɗaukar ruwa ne. Lokacin ba a daɗe da yi mana jiha ba, na shiga hannun Malam Garba Mai Famfo, wanda shi kaɗai ke da famfon goyo a ƙauyenmu da ƙauyukan da ke kewaye da mu a ƙasar Jahun. Damina guda na yi ina bin sa da tulu da tsumma. In na kawo ruwa sai na tace shi, don ɗan tsinke ɗaya ya isa ya toshe bakin famfo. Ranar da bakin ya toshe na kai shi bakina zan hura, Malam Garba ya ɗauke ni da mari, sannan ya tambaye ni ko na gaji da duniya ne. Shi da kansa haka ya yi ta hurawa a ƙuruciyarsa, kuma tarin da ya samu bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Da tsinken ciyawa ake buɗewa. Ba a cin goro ana feshi, ba a share gumi da bayan hannu, in an gama kuma sai an yi wanka da sabulu kafin a taɓa tuwo.

Shi famfon goyo jaki ne, kai kuma jakin jakin. Tanki a baya cike da ruwa, hannun hagu yana ta lilo da mariƙi, na dama yana riƙe da sanda. Namu ya tsufa, yana yoyo ta wuya, mun naɗe shi da robar tayar keke mun liƙe da sabulu, amma duk da haka maganin yana bin gadon bayanka har cikin wando. Da yamma ka ga mutum yana susa a jikin bango kamar akuya. Ƙa'idarsa kuwa sammako, tun iska tana kwance. Malam Garba yakan ɗebi ƙasa ya saki. In ta zubo a tsaye, a fara. In ta karkata, a koma gida.

Masu gona su ne karatu na biyu. Wata rana mun je yi wa wani dattijo feshin gyaɗa a wajen Ringim, ya biyo mu a baya tun daga farkon gona har ƙarshenta yana shafa ganye. Duk inda ya taɓa ya ji ba laima sai ya kira mu mu dawo. A hanyar komawa Malam Garba ya ce mini in riƙe wannan: manomi ba ƙwari yake dubawa ba, ganye yake dubawa. In ya ga ganye yana ɗiga, hancinsa ya ji wari, to an yi masa aiki, ko da ƙwarin suna zaune a ƙarƙashin ganyen suna hira. Da ƙarfin Malam Garba ya ƙare ya bar mini famfon da masu gonakin, na yi shekara da shekaru ina jiƙa musu ganye, suna sa mini albarka.

Bayana ne ya fara ƙorafi. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan, da bazara, na ji labarin wani tsohon malamin gona a unguwar Takur ta Dutse da ke sayar da wani sabon abin feshi wanda ba a goyo. Na hau mota na tafi Dutse. Da ya fito da shi na ɗauka wasa yake yi. Sanda ce doguwa, ana jera manyan baturan tocila a cikinta, a kanta akwai ɗan faifai mai haƙora kamar murfin kwalba, sai kwalbar magani a bisansa. In ka kunna, faifan ya riƙa juyawa yana wani siririn fito, maganin yana ɗiga a kansa, shi kuma yana watsa shi kamar hayaƙi. Ruwan da yake sha a gona guda bai kai na alwalar mutum uku ba, amma haɗin yana da ƙarfi sosai. Malamin ya ce wannan iska ce ke yi masa aiki, don haka in manta da sammako, in jira hantsi, in fara daga gefen da iska take zuwa ta ƙare, in riƙe sandar ta yadda hayaƙin zai guje ni. Ya ce feshi ɗaya yana rufe layuka da yawa, ba sai na bi kowane layi ba. Sannan ya kama kunnensa ya ce in riƙa sauraron fiton. Duk ranar da na ji ya yi ƙasa, in cire baturan, kada in ji tausayinsu.

Na ce to. Na sayar da tsohon famfo ga wani mutumin Ringim, na dawo gida da sanda a kafaɗa kamar wanda ya dawo daga farauta.

Mutanen ƙauyenmu ba su bar ni na huta ba. Wasu suka ce sandar makaho na sayo, wasu suka ce tocilan ce ta haska wa ƙwari hanya. Na gwada musu da ruwa zalla a bakin masallaci, suka miƙa tafin hannu, suka duba, suka ce ba su ga komai ba. Ban samu ko mutum ɗaya da ya ce in zo gonarsa ba. Na san in ana so garin nan ya yarda da abu, sai Baba Ladan ya yarda, wato mahaifin mai ɗakina, wanda ke kiran salla tun kafin a haife ni. Sai na aika ta wajensa da shawara: bana ya shuka wake zalla a gonarsa ta bayan gari, kada ya haɗa da gero, ni na ɗauki nauyin ƙwari. Wannan gona ita ce ke ba su geron da ke kai su tsakiyar rani. Ya yi kwanaki yana juya maganar, daga baya ya ce tunda ta bakin 'yarsa ta fito, ya yarda. Ka ga abincin gidan surukaina kaf ya koma kan ɗan faifan nan nawa.

Ku yaran yanzu kuna zama da surukanku a kujera ɗaya kuna gardamar ƙwallo. Mu ba haka muka taso ba. Ban taɓa cin abinci a gaban Baba ba, ban taɓa hawa tabarmarsa ba. In na hango shi ina kan keke sai in sauka, in cire takalmi, in durƙusa. Duk shekarun da na yi da 'yarsa, maganata da shi ba ta wuce gaisuwa da "to Baba" ba. Abin da ya fi haka, mai ɗakina ce ke kaiwa ta kawo.

Feshin farko na yi shi da sababbin batura, lokacin da wake ya fara fidda fure. Sandar tana fito kamar tsuntsu, iska tana ɗaukar hayaƙin tana shimfiɗa shi a kan layuka. Kafin rana ta yi zafi na gama gonar da a da nake kwana biyu a cikinta. Baba yana tsaye a bakin gona da carbinsa. Ya sunkuya ya shafa ganye, ya duba yatsunsa, ya sake shafa wani. Bai kalle ni ba, sama ya kalla.

"Allah ya sa ƙwarin sun ga abin da ban gani ba," in ji shi.

Na ce, "To Baba."

Ƙwarin kuwa sun gani. Darɓa, ƙwarin nan masu manne wa ganye, ta bushe, fure ya kama. Amma Baba ya ce wannan addu'a ce, ni kuma ba ni da bakin musu.

To a wannan shekara ko'ina ka juya wa'azi ake yi, kowane ƙauye yana neman lasifika. Ƙauyen da ke gabas da mu suka riga mu samu, har kiran asubarsu yana shigowa cikin ɗakunanmu kafin Baba ya gama hawa matakalar soron masallaci. Abin yana cinsa, ko da yake bai faɗa ba. Ana nan sai wani ɗan garinmu da ke kasuwanci a Kano ya aiko wa masallaci da lasifikar hannu. Baba ya rungume ta. Ban da kiran salla, da ita yake sanar da suna, da ita yake cigiyar akuya, har in zai kira jikansa daga ƙofar gida da ita yake kira. Ba a jima ba baturan da ta zo da su suka mutu. Da aka buɗe cikinta, sai ga shi irin na sandata take ci, kuma adadinsu ɗaya, kamar an haɗa baki.

Da yamma mai ɗakina ta ajiye mini tuwo, ta ce Baba ya ce a ara masa baturan na Juma'a ɗaya. Na ce mata feshi na biyu ya matso, kuma waken nasa ne. Ta ce ga hanya nan, in je in gaya masa da bakina. Na dubi tuwo, na dubi sanda a jingine. Na zazzage baturan na ba ta.

Juma'a ɗaya ta zama biyu. Ina kwance ina jin baturana suna cigiyar tunkiyar wani. Ranar da suka dawo, da ɗumi suka dawo, a ƙulle cikin hankici. Ta ce Baba ya ce a gode mini, kuma kada in damu, ya shanya su a kan rufin rumbu tun safe, sun koma sababbi. Kowa a ƙauyenmu ya yarda da shanyar batir, ni ma da ita na girma. Kuma gaskiya ne, rediyo takan ƙara kwana biyu da batir ɗin da ya sha rana. Mai shagon garinmu ƙanana kawai yake ajiyewa, manya sai Jahun, ga shi ruwa ya yanke hanyar mota. Da na hau keke na bi ta tudu da na kai, amma na ce wa kaina rana ai rana ce, in ta yi wa rediyo za ta yi wa sanda.

Washegari da hantsi na shiga gona, wake ya cika da fure fari fat. Ina kunnawa na ji fiton ya koma gurnani, kamar tsohon sauro da ya ƙoshi. Faifan yana juyawa da ƙyar. Maimakon hayaƙi, sai manyan ɗigo suke fita suna faɗuwa nan kusa da ni, layi ɗaya ko biyu, ganye yana jiƙewa sharkaf da magani mai ƙarfin da ba a yi shi don jiƙa ganye ba. Na tsaya. Hannuna yana kan makunni zan kashe, sai ga Baba ya shigo cikin gonar da kansa. Ya shafa ganye, ya ɗaga yatsunsa suna ƙyalli, fuskarsa ta washe.

"Yauwa. Yau kam an yi feshi. Ashe abin naka shanya yake so. Allah ya yi maka albarka, Malam Ado."

Ranar ce farkon jin sunana a bakinsa. In buɗe baki in ce wa mutumin nan lasifikarsa ta shanye baturan, kuma laimar da yake murna da ita wuta ce? Na durƙusa na ce, "To Baba." Na tashi na ƙarasa gonar, ina tsallake layuka kamar yadda na saba, shi kuma yana biye yana shafawa yana gyaɗa kai.

Kafin wata Juma'a gonar ta koma kamar zanen saƙi. Duk layin da na bi ganyensa ya ƙone ya murɗe, layukan da ke tsakani kuma ko ƙanshin magani ba su ji ba, fure yana ta zuba ƙasa, tsutsa ta shiga 'yan kwasfar da suka fara fitowa. Mutane suka mayar da wurin wajen kallo. Wani ya ce bai taɓa ganin magani mai zaɓen layi ba. Surukata ta daina amsa gaisuwar 'yarta da sakin fuska, kuma da gaskiyarta, ita ce za ta duba rumbu da rani. Baba ya aiko cewa ya gode da ƙoƙari, in mayar wa mutanen Dutse sandarsu, in ɗauko famfo na gaskiya. Famfo na gaskiya kuwa yana can Ringim a bayan wani. Abin da ya rage shi ne waken mai yaɗo ne, yana kan fidda sabon fure. In an yi masa feshi mai kyau cikin 'yan kwanakin nan za a tsira da wani abu, in an bari kuma ko harawar kirki ba za a samu ba.

Na tafi wajen Malam Garba. Ya sa na ɗauke shi a bayan keke har gonar. Ya dubi layukan, ya ce in kunna masa abin. Ya saurara, ya ce shi bai san wannan sanda ba, amma ya san kukan abin da ke jin yunwa. Ya tambaye ni ina baturan suka kwana. Na ce a masallaci. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce in kai shi can, don shi da Baba taubasai ne, abin da ba zan iya faɗa ba shi zai faɗa har da ƙari.

Muka sami Baba bayan la'asar a ƙofar masallaci, lasifika a cinyarsa yana goge ta da gefen rawani. Na durƙusa can nesa kusa da takalma.

"Kai bawana," in ji Malam Garba, "ashe wakenka kake kiran salla da shi?"

"Tsohon mai wari, yau kuma da me ka zo?"

"Da jaje na zo. Baturan yaron nan ƙarfin gonarka ne a cikinsu. Ka ɗauka ka yi cigiyar akuyoyin gari da shi. An samu akuyoyi, wake ya tafi."

Baba ya ce ai ya shanya su. Malam Garba ya ce shi ma kullum a rana yake wuni, bai ga ya koma saurayi ba. Sannan ya bar wasa ya yi masa bayani yadda na yi masa a hanya: in faifan bai yi gudu ba, magani ba ya tashi, a wuri ɗaya yake zuba ya ƙone abin da ya samu. Feshin da Baba bai gani ba shi ne feshi, wanda ya gani shi ya ci gonar.

Baba ya ajiye lasifikar a gefe. Can ya nuna ni da haɓa, bai juyo ba.

"Shi ya san haka?"

"Ya sani."

"Me ya hana shi faɗa?"

"Kai da ka ba shi 'ya, ka taɓa jin ya wuce 'to Baba'? Ko cewa ka yi ya fesa kananzir, to Baba zai ce."

Baba ya ce ladabin da zai bar mutum da rumbu wayam ya yi yawa, a gaya mini in rage. Na buɗe baki, kafin in ankara na ce, "To Baba." Malam Garba ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa.

Washegari bayan sallar asuba Baba ya hau kekensa, da shekarunsa, ya bi ta tudu ya nufi Jahun. Bai yarda na je ba, ya ce wanda ya kashe baturan, shi zai nemo wasu. Ya dawo da taɓo har gwiwa, da batura sababbi a cikin ledarsu, na cikin abu ɗaya kacal. Ga lasifika ta mutu murus, ga sanda. Mai ɗakina ta ce ya ajiye su a gabansa yana kallonsu har shayinsa ya huce, sannan ya tura mata ya ce ta kai. Da azahar muka ji muryarsa tsirara daga kan soro, tana rawa, mutanen gabas kuwa suna ta kwararo tasu ta lasifika. Haka ya yi ta hawa matakala har aka gama feshin wake.

Na yi feshi na uku da na huɗu sandar tana fito yadda ya kamata. Baba yakan zo ya tsaya ta inda iska ke fitowa, hannayensa a baya, don ya ce in ya sake su ganye za su shafa. Layukan da na ƙone ba su dawo ba, furen farko kuma ya riga ya tafi. Abin da aka samu bai kai rabin abin da na yi alkawari ba. A ranin nan na riƙa aika musu gero daga nawa rumbun, surukata tana karɓa, kuma har yau in na tuna da tsohon nan a kan keke cikin taɓo sai in ji da na kashe makunnin nan a layin farko. Amma sabon furen ya kama, kwasfa ta cika, mutane suka gani da idonsu cewa ganye busasshe ma yana iya zama fesasshe. Damina ta gaba sai da na riƙa ba wa masu gona haƙuri.

Da na gama feshin ƙarshe na zazzage baturan. Fitonsu ya fara sauka, ba su da sauran aiki a wajena. Na ƙulle su a hankici zan ba mai ɗakina, sai ta ce ita ta gaji da aike, ƙafata lafiya lau take. Na ɗauka na tafi da kaina, na durƙusa, na miƙa da hannu biyu, na ce wa Baba sanda ta gama da su amma lasifika za ta ci su har wata guda, don ita ba ta da tsirfa. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba. Ya zuba su a ciki, ya hura, lasifika ta amsa. Daga nan muka tsayar da ƙa'ida wadda muka bi har ƙarshen rayuwarsa: kowane batir gona zai fara, in ƙarfinsa ya ragu ya koma masallaci ya ƙarasa. Da Malam Garba ya ji, ya ce ko mutum ne ya samu irin wannan ƙarshe, sai ya gode wa Allah.